Sauya matsayin zubin asusun ritaya da tasirinsa a kan gyararren bayanin haraji a Amurka

Sauya matsayin zubi wata dama ce da dokar harajin tarayyar Amurka ta bai wa mai asusun ritaya na ƙashin kansa, wanda ake kira IRA, ya mayar da kuɗin da ya zuba a wani nau'in asusu zuwa ɗaya nau'in, tare da ribar da kuɗin suka samu ko asarar da suka yi. Nau'o'in biyu su ne IRA na gargajiya da IRA na Roth. Idan aka yi sauyin cikin wa'adi, doka tana ɗauka tamkar tun ranar farko a asusu na biyu aka yi zubin, kuma asusu na farko bai taɓa karɓar sa ba.

Saboda haka tasirin sauyin yana komawa ne kan shekarar harajin da aka yi zubin dominta, ba shekarar da aka kwashe kuɗin ba. Wanda ya riga ya shigar da bayanin harajinsa na wannan shekara ga hukumar tara haraji ta tarayya, wato IRS, kafin ya yi sauyin, yakan buƙaci ya shigar da gyararren bayani a Fom 1040-X. Kwashe kuɗin daga asusu zuwa asusu ba ya jawo haraji. Abin da ke ƙara haraji ko rage shi shi ne ragin da mutum ya samu ko ya rasa sakamakon sauyin, da sauran lissafe-lissafen da suka dogara da jimillar kuɗin shigarsa.

## Nau'o'in asusun biyu

A IRA na gargajiya, wanda ya cancanta yana cire abin da ya zuba daga kuɗin shigar da za a ɗora wa haraji a wannan shekara. Wannan cirewa ita ake kira ragi. Ana jinkirta harajin ne har zuwa lokacin da zai fara cirar kuɗin, galibi bayan ya kai shekara 59 da rabi. A IRA na Roth babu ragi lokacin zubi, amma kuɗin da ribarsu suna fita ba tare da haraji ba idan an cika sharuɗɗa, ciki har da cikar shekara 5 daga shekarar zubin farko.

Iyakar zubi ɗaya ce ga asusun biyu a haɗe. A shekarar haraji ta 2024 iyakar ita ce dala 7,000, ko dala 8,000 ga wanda ya kai shekara 50, kuma zubin ba zai wuce abin da mutum ya samu ta hanyar aiki a shekarar ba.

Ana auna cancanta da wani adadi da ake kira MAGI. Shi ne gyararriyar jimillar kuɗin shiga, wato AGI, bayan an mayar mata da wasu ragi da aka cire. A shekarar 2024 ma'aunin ya kasance kamar haka:

- Zubi a Roth: ga mai shigar da bayani shi kaɗai, damar tana raguwa daga dala 146,000 ta ƙare a dala 161,000. Ga ma'aurata masu bayani ɗaya, daga dala 230,000 zuwa dala 240,000.
- Ragi a IRA na gargajiya ga wanda ke cikin tsarin ritaya na wurin aiki: daga dala 77,000 zuwa dala 87,000 ga mutum shi kaɗai, daga dala 123,000 zuwa dala 143,000 ga ma'aurata.
- Wanda ba ya cikin irin wannan tsari, kuma abokin aurensa ma ba ya ciki, yana samun cikakken ragi komai yawan kuɗin shigarsa.

Mutane da yawa suna yin zubi tun farkon shekara, kafin su san abin da za su samu a ƙarshenta. Ƙarin albashi, ko kuɗin ƙwazo, ko ribar sayar da hannun jari na iya tsallakar da mutum iyakar Roth ba tare da ya lura ba sai lokacin lissafin haraji. Wannan na daga cikin manyan dalilan da ke sa a sauya matsayin zubi.

## Tarihi

An samar da IRA ne a ƙarƙashin dokar kare kuɗin ritayar ma'aikata ta 1974, wadda aka fi sani da ERISA, da Shugaba Gerald Ford ya sanya wa hannu. Dokar gyaran haraji ta 1986 ta taƙaita ragi ga masu tsarin ritaya a wurin aiki, ta kuma buɗe ƙofar zubin da ba shi da ragi. IRA na Roth ya zo ne da dokar sauƙaƙa wa masu biyan haraji ta 1997, ya fara aiki a 1998, kuma an sa masa sunan Sanata William Roth na jihar Delaware. Damar sauya matsayin zubi tana cikin sashe na 408A(d)(6) na kundin dokokin harajin cikin gida, bayaninta kuma yana cikin ƙa'ida ta 1.408A-5 ta Ma'aikatar Baitulmali.

Da farko damar ta shafi abubuwa biyu: zubin shekara-shekara, da kuma juya tsohon ajiya daga IRA na gargajiya zuwa Roth, wanda ake biyan haraji a kansa. Wanda ya juya ajiyarsa sannan kasuwa ta faɗi yana iya warware juyawar, ya tsira daga biyan haraji a kan ƙimar da ta riga ta zube. Dokar rage haraji da samar da ayyuka, wadda Shugaba Donald Trump ya sanya wa hannu a ranar 22 ga Disamba, 2017, ta soke wannan ɓangare ga duk juyawar da aka yi daga 1 ga Janairu, 2018. Waɗanda suka juya a 2017 an ba su har zuwa 15 ga Oktoba, 2018. Tun daga nan, zubin shekara-shekara kaɗai ake iya sauya wa matsayi.

## Sharuɗɗa da wa'adi

Dole kuɗin su tashi kai tsaye daga asusu zuwa asusu ta hannun kamfanin da ke riƙe da su, ko kamfani ɗaya ne ke riƙe da asusun biyu ko kamfanoni daban-daban ne. Idan mai asusu ya karɓi kuɗin a hannunsa sannan ya zuba a ɗaya asusun, ba a ɗaukar hakan a matsayin sauyi. Mai asusu yana sanar da masu riƙon asusun biyu nau'in zubin, da adadinsa, da ranar da aka yi shi, da shekarar da aka yi shi dominta. Ana iya sauya zubin gaba ɗaya ko wani kaso nasa. Da zarar an kwashe kuɗin, ba a janye shawarar.

Wa'adin asali shi ne ranar ƙarshe ta shigar da bayanin haraji, haɗe da ƙarin lokacin da aka nema. Ga shekarar 2024, ranar ita ce 15 ga Afrilu, 2025, ko 15 ga Oktoba, 2025 ga wanda ya nemi ƙarin lokaci a Fom 4868. Wanda ya shigar da bayaninsa a kan lokaci ba tare da neman ƙari ba, shi ma yana da wata 6 bayan 15 ga Afrilu a ƙarƙashin ƙa'ida ta 301.9100-2, wato har zuwa 15 ga Oktoba. Wannan rukuni ne ya fi buƙatar gyararren bayani, domin bayaninsu na farko ya riga ya tafi da tsohon matsayin zubin. Wanda kuwa ya makara bai shigar da bayani ba kuma bai nemi ƙarin lokaci ba, damarsa ta ƙare tun a watan Afrilu. Idan ranar ta faɗo a ƙarshen mako ko ranar hutu, wa'adin yana matsawa zuwa ranar aiki ta gaba.

Wa'adin Oktoba na kwashe kuɗin ne. Ya bambanta da wa'adin neman a maido da rarar haraji ta hanyar Fom 1040-X, wanda shi ne shekara 3 daga ranar shigar da bayanin farko ko shekara 2 daga ranar biyan harajin, duk wanda ya fi nisa. Tsawon wannan wa'adi na biyu ba ya ba mutum damar sauya matsayin zubi bayan Oktoba. Bayan wa'adin ya wuce, hanyar da ta rage ita ce neman hukunci na musamman a rubuce daga IRS a ƙarƙashin ƙa'ida ta 301.9100-3, wanda ake biya wa kuɗi mai yawa kuma ba lalle a amince ba.

## Lissafin ribar da ke bin zubi

Ba ainihin adadin zubin kaɗai ake kwashewa ba. Ana haɗa shi da rabonsa na ribar da asusun ya samu daga ranar zubi zuwa ranar sauyi, bisa wannan lissafi:

Riba = zubi × (ƙimar rufewa − ƙimar buɗewa) ÷ ƙimar buɗewa

Ƙimar buɗewa ita ce darajar asusun gab da zubin, haɗe da zubin kansa da duk abin da ya shigo asusun a tsakanin. Ƙimar rufewa ita ce darajar asusun gab da sauyin, haɗe da duk abin da aka fitar a tsakanin. Lissafin yana duba asusun gaba ɗaya ne, ba hannun jarin da aka saya da wannan zubi kaɗai ba.

Misali, asusu yana da dala 20,000, aka zuba dala 7,000, ƙimar buɗewa ta zama dala 27,000. Idan a ranar sauyi asusun ya kai dala 29,700, ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, don haka ribar zubin dala 700 ce, za a kwashe dala 7,700. Idan kuma ya faɗi zuwa dala 24,300, za a kwashe dala 6,300. Asusun da aka buɗe da wannan zubi kaɗai, ba a ƙara ba kuma ba a cire ba, ana kwashe duk abin da ke cikinsa.

A dukkan halayen, adadin da ke shiga bayanin haraji a matsayin zubi shi ne dala 7,000. Dala 700 ɗin ba kuɗin shiga ba ne a shekarar, ba ƙarin zubi ba ne da zai tsallake iyaka, kuma ba a samun ragi a kansu. Ana ɗauka a cikin asusu na biyu aka same su. Haka nan asarar dala 700 ba ta rage adadin zubin, ba a kuma cire ta daga haraji.

## Yadda harajin ke canzawa

Misalan da ke ƙasa na mutum ne mai shigar da bayani shi kaɗai a shekarar 2024, wanda kuɗin shigarsa duka albashi ne, kuma ya ɗauki ragin bai-ɗaya na dala 14,600. A shekarar, ana cajin kashi 10 cikin 100 har zuwa dala 11,600 na kuɗin da ake ɗora wa haraji, kashi 12 har zuwa dala 47,150, kashi 22 har zuwa dala 100,525, sannan kashi 24 har zuwa dala 191,950.

### Daga IRA na gargajiya zuwa Roth

A nan haraji yakan ƙaru, idan an ɗauki ragi a bayanin farko. Doka ba ta yarda mutum ya riƙe ragi a kan zubin da ya koma Roth ba, don haka sai a cire shi. Mai albashin dala 70,000 da ya zuba dala 7,000 ya kuma ɗauki ragi, AGI ɗinsa ya kasance dala 63,000, kuɗin da aka ɗora wa haraji kuma dala 48,400. Bayan sauyin, AGI ya koma dala 70,000, abin da ake ɗora wa haraji ya zama dala 55,400. Duka ƙarin ya faɗa a matakin kashi 22, saboda haka ana bin sa ƙarin dala 1,540.

Tunda ana ɗauka tun asali bai cancanci ragin ba, wannan ƙarin haraji bashi ne da ya kamata a biya tun 15 ga Afrilu. IRS tana ɗora kuɗin ruwa a kai daga wannan rana har zuwa ranar biya. Ana sabunta ma'aunin kuɗin ruwan duk wata 3, kuma ana lissafa shi kullum. Biyan kuɗin tare da shigar da Fom 1040-X, ko kafin nan, shi ke tsayar da hauhawarsa.

Idan zubin farko ba shi da ragi tun asali, haraji ba ya canzawa. Abin da ake gyarawa shi ne Fom 8606, inda aka rubuta zubin a matsayin kuɗin da aka riga aka biya wa haraji a cikin IRA na gargajiya. Bayan sauyin, sai a cire shi daga wannan lissafi.

### Daga Roth zuwa IRA na gargajiya mai ragi

A nan haraji yana raguwa, kuma gyararren bayanin yana zama takardar neman a maido da rara. Mai albashin dala 65,000 da ya zuba dala 7,000 a Roth an ɗora masa haraji a kan dala 50,400. Bayan sauyi da ɗaukar ragi, adadin ya sauka zuwa dala 43,400. Ragin ya ratsa matakai biyu: dala 3,250 na sama sun fito daga matakin kashi 22, wato dala 715, sauran dala 3,750 kuma daga matakin kashi 12, wato dala 450. Abin da za a maido masa ya kai kimanin dala 1,165, ba dala 1,540 da zai samu ba da a ce duka ragin yana matakin kashi 22.

Wannan sauƙi jinkiri ne, ba yafiya ba. Zubin da ribarsa duka za a ɗora musu haraji ranar da aka fara cirar su daga IRA na gargajiya.

### Daga Roth zuwa IRA na gargajiya marar ragi

Wannan ya fi faruwa ga masu samu da yawa. Mai MAGI na dala 170,000 ya wuce iyakar Roth ta dala 161,000, don haka dala 7,000 da ya zuba duka sun zama zubin da ya wuce ƙa'ida. Irin wannan zubi ana cin sa tarar kashi 6 cikin 100, wato dala 420, a kowace shekara da ya ci gaba da zama a asusun, kuma ana bayyana tarar a Fom 5329. Sauya matsayin zubin cikin wa'adi yana kawar da ita baki ɗaya.

Idan mutumin yana cikin tsarin ritaya na wurin aiki, ya wuce iyakar ragi ta dala 87,000, saboda haka harajin kuɗin shigarsa ba ya motsi. Duk da haka yana buƙatar Fom 8606 na shekarar 2024, domin a nan ne ake rubuta cewa dala 7,000 ɗin an riga an biya musu haraji. Wanda bai ajiye wannan shaida ba yana iya sake biyan haraji a kan kuɗin idan ya zo cirewa bayan shekaru, kuma rashin shigar da fom ɗin yana da tarar dala 50. Idan ya riga ya biya dala 420 ɗin a bayanin farko, gyaran yana maido masa da su. Idan kuwa ba ya cikin tsarin wurin aiki, yana samun cikakken ragi, wanda a matakin kashi 24 ya kai dala 1,680.

Wanda ke tsakiyar zangon raguwa yana iya sauya kaso kawai. Mai MAGI na dala 153,500 yana daidai rabin zangon, an yarda masa dala 3,500 a Roth, sai ya mayar da sauran dala 3,500 zuwa IRA na gargajiya. Ragin IRA ba ya rage MAGI ɗin da ake auna cancantar Roth da shi, domin ana mayar da ragin cikin lissafin.

## Sauran lissafin da ke bin AGI

Canjin AGI yakan taɓa wasu sassan bayanin haraji da ba su da alaƙa da asusun ritaya kai tsaye. Daga cikinsu akwai rangwamen kuɗin inshorar lafiya da ake lissafawa a Fom 8962, da ragin kuɗin ruwan bashin karatu wanda iyakarsa dala 2,500 ce, da ragin kuɗin magani wanda ke farawa bayan kashi 7.5 cikin 100 na AGI, da kason kuɗin fanshon tarayya da ake ɗora wa haraji. Rangwame ya bambanta da ragi: ragi ana cire shi daga kuɗin shiga, rangwame kuwa daga harajin kansa.

Rangwamen masu tanadin ritaya, wanda ake nema a Fom 8880, ya nuna yadda ƙaramin canji ke iya yin babban tasiri. Yana duba zubi har dala 2,000, ko a Roth ko a IRA na gargajiya. A 2024, mutum shi kaɗai yana samun kashi 50 idan AGI ɗinsa bai wuce dala 23,000 ba, kashi 20 har zuwa dala 25,000, kashi 10 har zuwa dala 38,250. Mai albashin dala 24,500 da ya zuba dala 2,000 a Roth harajinsa kimanin dala 990 ne, a cire rangwamen dala 400, saura kimanin dala 590. Idan ya sauya zuwa IRA na gargajiya, AGI ya sauka zuwa dala 22,500, haraji ya koma kimanin dala 790, rangwamen kashi 50 kuma ya shafe shi gaba ɗaya. Ragin shi kaɗai dala 200 ya rage masa, sauran sauƙin ya zo ne daga sauya matakin rangwame. Idan sauyin ya bi ɗaya hanyar, asarar ma haka take ninkuwa.

Yawancin jihohin da ke karɓar harajin kuɗin shiga suna fara lissafinsu ne daga alƙaluman tarayya, don haka gyaran tarayya yakan jawo gyaran jiha a fom ɗin jihar. Jihohi irin su New Jersey da Pennsylvania da Massachusetts ba sa ba da ragi a kan zubin IRA, Texas da Florida kuma ba sa karɓar harajin kuɗin shiga daga ɗaiɗaikun mutane.

## Yadda ake bayyana sauyin

Fom 1040-X yana da ginshiƙai uku: A na alƙaluman bayanin farko, B na bambancin da aka samu, C na alƙaluman da suka zama daidai. Ana haɗa shi da duk fom ɗin da sauyin ya taɓa, kamar Jadawali na 1 inda ake rubuta ragin IRA, da Fom 8606, da Fom 5329, da Fom 8880. Wanda ya yi amfani da ƙarin wata 6 yana rubutawa a saman fom ɗin, da Turanci, cewa an shigar da shi ne bisa sashe na 301.9100-2.

Ana kuma haɗa takardar bayani mai nuna ranar zubin farko da adadinsa, da nau'in asusun, da ranar sauyin, da adadin da aka kwashe haɗe da riba ko asara, da kuma ragin da aka ɗauka idan akwai. Idan an yi zubin da sauyin a cikin shekara ɗaya, adadin da aka kwashe yana shiga layi na 4a na Fom 1040, ba tare da ya shiga layi na 4b na abin da ake ɗora wa haraji ba. Idan an yi sauyin a shekara mai bi, adadin yana fitowa ne a takardar bayanin kaɗai.

Kamfanin da kuɗin suka fita daga wurinsa yana fitar da Fom 1099-R. Alamar N tana nufin an yi sauyin a shekarar da zubin yake dominta, alamar R kuma tana nufin zubin na shekarar da ta gabata ne. Kamfanin da ya karɓa yana nuna adadin a akwati na 4 na Fom 5498. Zubin 2024 da aka sauya a watan Agustan 2025, Fom 1099-R ɗinsa mai alamar R sai farkon 2026 yake isowa. Wannan jinkiri yana rikita mutane, har wasu su sa adadin cikin kuɗin shigarsu na 2025, alhali fom ɗin yana tabbatar da abin da ya shafi 2024 ne kawai. Ba a buƙatar jiran sa kafin a shigar da gyara, tunda alƙaluman suna cikin takardar da kamfanin ke bayarwa lokacin sauyin.

Tun daga 2020 ana iya shigar da Fom 1040-X ta intanet. IRS ta ce aikin duba shi yakan ɗauki mako 8 zuwa 12, wani lokaci har mako 16.

## Bambancinsa da sauran hanyoyi

Wanda ya yi zubin da ya wuce ƙa'ida yana iya janye shi tare da ribarsa cikin wa'adi iri ɗaya. Wannan ma yana kawar da tarar kashi 6, amma ribar tana zama kuɗin shiga na shekarar da aka yi zubin a cikinta, kuma kuɗin sun bar tsarin ritaya. Dokar SECURE 2.0 ta Disamba 2022 ta cire tarar kashi 10 ta cirewa da wuri da a da ake ɗorawa a kan wannan riba. A sauya matsayi kuwa, zubin da ribar duka suna ci gaba da zama a asusun ritaya ba tare da haraji a lokacin ba.

Juya kuɗi zuwa Roth wani mataki ne daban. Tun daga 2010 babu iyakar kuɗin shiga a kansa, shi ya sa masu samu da yawa sukan sauya zubinsu zuwa IRA na gargajiya marar ragi, sannan su juya shi zuwa Roth. Matakan biyu ba sa shiga bayani ɗaya idan shekarunsu sun bambanta. Sauyin yana komawa 2024, juyawar da aka yi a 2025 kuma tana shiga bayanin 2025. A misalin dala 7,700, dala 700 na riba ne za a ɗora wa haraji lokacin juyawa, muddin mutumin ba shi da wani ajiya a IRA na gargajiya, ko na SEP, ko na SIMPLE a ranar 31 ga Disamba ta shekarar juyawar. Idan yana da shi, ana haɗa dukkan asusun a raba kason da ba shi da haraji daidai gwargwado, abin da ke ƙara yawan harajin.

## Abin da sauyin ba ya gyarawa

Tunda iyakar zubi ɗaya ce ga asusun biyu, sauyin ba ya magance zubin da ya haura iyakar shekarar, ko wanda ya wuce abin da mutum ya samu ta hanyar aiki. Wannan ya shafi Amurkawa mazauna ƙasashen waje da suka keɓe dukkan albashinsu daga haraji a Fom 2555, domin albashin da aka keɓe ba ya cikin kuɗin aikin da ke ba da damar zubi a kowane nau'in IRA. Haka kuma ba a sauya matsayin kuɗin da wurin aiki ya zuba wa ma'aikaci a asusun SEP ko SIMPLE, ko abin da aka yanka daga albashi zuwa tsarin 401(k). Sauyin ba ya cikin ƙa'idar da ta taƙaita karɓar kuɗi a hannu a mayar da su wani IRA ga sau ɗaya cikin wata 12. Ga wanda bai taɓa mallakar Roth ba, zubin 2024 da ya koma Roth a 2025 yana sa ƙidayar shekara 5 ta fara daga 1 ga Janairu, 2024.